Saniyar Adda Lauratu

Tun da aka hana samarin Dutse wasan mota a cikin gari, shekarar da shari'a ta zo, sai suka koma gonar Malam Mailafiya a hanyar Kiyawa, tun da rani ne an kwashe gero. A nan Zuhair, ɗan wani babban ma'aikaci, ya banke farar saniyar Adda Lauratu da jar motarsa mai ƙofa biyu. Saniyar nan gadon uwarta ce. Kafin a samo wuƙa ta mace, ta zama mushe, ko nama ba a ci ba. Shi kuwa ya leƙo ta taga ya ce burki ne ya ƙi, Baba a yi haƙuri, ƙaddara ce. Abokansa na dariya.

Ba ta kai ƙara ba. Ta dai ajiye abin a ranta.

Ana nan sai ɗanta Bubayero, da ke kanikanci a bakin tasha, ya faɗa mata motar tana garejinsu. Zuhair ya sayo kayan burki daga Kano, manyan faya-fayai da sababbin tiyo, wai ranar Juma'a samarin Ringim za su zo a gwada wanda zai shararo da gudu ya tsaya cak a gindin kukar da ke gonar, ya juya motar kamar ƙwarya a ruwa. Adda tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce ya bar noti ɗaya bai ɗaure ba.

"Inna, rai ne fa," in ji Bubayero. "Za ki iya tsayawa da shi gaban Allah?"

Ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Amma da ta idar da la'asar ta yi istigfari, don yaron ya fi ta gaskiya. Rai ba nata ba ne. Kunya kuwa, wannan tana da halin shayar da shi.

Washegari ta je ta gai da Malam Mailafiya, ta ce ko gonarsa na son taki bana? Wane manomi ne zai ƙi? Aka sauke garken 'yan'uwanta a gindin kukar nan. Ranar Juma'a da hantsi aka kora su kiwo, ita kuwa ta ɗaura ɗamara, ta tattara ɗanyen kashin shanu ta shimfiɗa shi lafiyayye daidai inda tayoyi suka saba kartar ƙasa, ta bi da rairayi ta yayyafa a kai. Ta wanke hannu, ta ɗauki ƙwaryar nononta ta zauna a inuwa kamar mai talla.

Zuhair ne ya fara, don ya nuna sabon kaya. Ya taho kamar an harbo shi, ya taka burki. Burkin ya kama kuwa, aikin Bubayero babu algus, tayoyi huɗu suka tsaya ƙyam. Motar ce dai ba ta tsaya ba. Ta sulale a karkace tana feshin kashi, ta wuce kukar, ta zura hanci cikin ramin da ake haƙar ƙasar gini.

Ya fito da rarrafe, lafiyarsa ƙalau, sai dai farar shaddarsa ta koma koriya har wuya, don tagar a buɗe take. 'Yan Ringim har da masu faɗuwa ƙasa don dariya.

Adda ta gyara mayafi, ta tako a hankali har bakin ramin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu ɗan nan. Burkin ne ya sake ƙi? A yi haƙuri, ƙaddara ce."

Ta aza ƙwaryarta a ka ta yi gida, kada magariba ta same ta a hanya.