Agwagwar Bayan Kwamfuta

Duk matakan baya na neman aikin nan Injiniya ya tsallake su ba gargada, domin a rubuce ake yin su. Saura na ƙarshe: a kunna kyamara, a ba shi matsala, ya warware yana bayani da baki. Nan gizo ke saƙar. Injiniya mai i'ina ne, kuma tun da kamfaninsu ya rufe, duk aikin da ya nema a nan yake suɓuce masa.

Sai dai akwai wadda harshensa ba ya sarƙewa a gabanta: 'yar agwagwar roba ta wankan 'yarsa. Masu rubuta manhajar kwamfuta irinsa sun san dabarar. In aiki ya cije, sai ka zayyana wa abin wasa layi bayan layi har ka gano kuskurenka.

Ya girka ta a bayan kwamfuta, inda kyamara ba ta kaiwa.

"Ni ko ranar da ka zo zance ban samu magana tiryan-tiryan kamar yadda kake yi wa agwagwar nan ba," in ji matarsa, tana gyara masa wuyan riga. "Allah ya ba da sa'a. A gaida malamar."

Ta ja ƙofa.

Fuskoki biyu suka bayyana a allon kwamfutar: shugabar sashe, da wani mai tabarau da ko gaisuwa bai amsa ba. Suka ba shi matsalar. Injiniya ya kafa wa agwagwa ido, bayani ya dinga zuba, yatsunsa na gudu. Ya ci rabin aikin.

"Malam, dakata," in ji mai tabarau. "Wa kake kallo?"

"B-b-ba kowa."

"Tun ɗazu idonka na gefe. Juya mana kyamarar mu ga teburin."

Kunya ta rufe shi. Magidanci guda, a kama shi yana hira da abin wasan yara? Kafin ya yi tunani, hannunsa ya wafce agwagwar, ya jefa a durowa. Ƙarar rufewar ta shiga kunnen kowa.

Ya juya kyamarar. Tebur wayam.

"Me ka ɓoye yanzu?" shugabar ta tambaya a hankali. "Waya ce?"

Kalma ɗaya ce za ta wanke shi. Ya buɗe baki, harafin farko ya maƙale a maƙoshinsa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ya kai hannu durowa don ya nuna musu.

"Bar shi kawai," in ji mai tabarau. "Mun sha ganin irin wannan."

"Mu tsaya nan. Mun gode da lokacinka," in ji shugabar.

Fuskokin suka ɓace. Rabin aikin na nan a allo, ba kuskure ko ɗaya.

Ƙofa ta buɗe kaɗan, matarsa ta leƙo da murmushinta. Da ta dubi fuskarsa, ba ta tambaya ba. 'Yarsa ta kutso ta ƙarƙashin hannunta.

"Abba, ta gama taya ka? Zan yi wanka."

Ya buɗe durowar, ya miƙa mata.