Tukwane Huɗu a Kabad

Mufaddal ya tsaya a hawa na uku yana mayar da numfashi. Bai kai ga ƙwanƙwasawa ba ƙofar ta buɗe.

"Yaya! Tun daga ƙasa na ji takunka. Shigo, bar takalminka."

Ya cire takalmin duk da haka. Wata bakwai ke nan da ƙaninsa Ridwan ya dawo daga Holan bayan shekara ashirin, amma har ya kama gida mai baranda a Tetuwan, ya kuma shiga ƙungiyar manoman kif, wato wiwi, wadda Mufaddal ya yi shekara tara yana jera mata kujeru. Yau bayan la'asar ƙungiyar za ta zaɓi mutum ɗaya da zai je Rabat ya yi magana a taron gyaran doka. Har watan jiya ba wanda ke shakkar ko wane ne zai je.

Ridwan ya ja shi ɗakin kwana, ya buɗe kabad ɗin tufafi. Haske fari fat ya dalle musu ido. Ba riga ko ɗaya a ciki, sai tukwane huɗu na shukar kif, da fitila a sama, da 'yar fanka tana juyi.

"Na kaina ne kawai, ba na sayarwa ba," in ji Ridwan. "An halatta noma shi don magani. To me ya sa za a ɗaure mutum kan tukunya huɗu a ɗakinsa? Abin da zan faɗa musu ke nan."

"Ka faɗa wa su wa?"

"To, in an zaɓe ni."

Mufaddal ya sunkuya ya murza ganye ɗaya, ya kai hanci. Wannan ba irin Turai ba ne. Ƙamshin gonarsu ne ta kan dutse, wadda jandarmomi suka ƙone shekarar da suka kai shi kurkuku.

"Ina ka samo irin?"

"Yimma ce ta ba ni. Na Baba ne, wanda ke cikin gwangwanin shayi."

Sau uku Mufaddal yana roƙon mahaifiyarsu gwangwanin nan. Sau uku tana ce masa ɓera ya cinye.

"Dubi wannan," Ridwan ya nuna wanda ya fi tsawo. "Ya wuce sauran da taƙi guda. Har ya fara 'ya'ya."

Mufaddal ya duba. Ƙananan ƙulle-ƙulle kore suna reto a gindin rassan. Namiji ne. Kwana kaɗan ya rage ya fashe, fankar ta watsa garin furensa kan matan uku, aikin wata biyu ya koma tsaba. A Holan a kanti ake sayen iri, an riga an tace, duk mata. Yaron bai taɓa ganin namiji da idonsa ba.

Hannun Mufaddal ya miƙa da kansa zuwa gindin shukar. Ya janye shi, ya tura a aljihun jallabiya.

"Ya yi kyau," ya ce.

Suka sha shayi a baranda. Ridwan ya cika masa na'a-na'a da sukari kamar yadda yake so.

A benen gidan shayin Si Ayyashi, shugaban ƙungiyar, mutum goma sha ɗaya suka zauna. Yawancinsu sun sauko daga duwatsu da safe, da ƙasa a takalmansu. Himidu, wanda suka yi zaman kurkuku tare da Mufaddal, shi ya fara tashi ya ba Ridwan kujerar kusa da taga.

"Bature ya iso! Zauna, kar iskar Maroko ta kama ka."

Ridwan ya yi magana minti goma. Ya ambaci ƙasashe, ya ambaci lambobin dokoki, ya jefa Faransanci inda ya dace. Mutanen suna gyaɗa kai kamar masu sauraron huɗuba. Mufaddal ya yi magana minti uku. Ya ce shekara shida bai kwana a gidansa ba saboda takardar kamu, ya ce wata goma sha takwas ya yi a ɗaure. Duk sun sani. Himidu yana sakace haƙori.

Si Ayyashi ya ce a ɗaga hannu. Mufaddal ya riga shi.

"Kafin nan, Ridwan, nuna musu gonarka. Mai magana da yawun manoma ai a ga nomansa."

Ridwan ya fito da waya da murna. Ta fara daga hannun Himidu. Ya ja hoton da yatsu biyu, ya kawo fuska kusa, sai ya tuntsire da dariya har ya buge kofin shayi.

"Jama'a, ku zo ku ga ango! Ya ajiye ƙato a ɗaka da 'yan mata uku, har da fanka yake yi masa!"

Wayar ta zagaya teburin, dariya na bin ta. Wani ya tambaya ko an sa ranar biki. Ridwan yana duban wannan yana duban wancan, kunnuwansa sun yi ja. Mufaddal ya kurɓi shayinsa. Rabon da shayi ya yi masa daɗi haka har ya manta.

Si Ayyashi ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ajiye wayar.

"Wannan irin mahaifinku ne, Allah ya jiƙansa. Na san ganyen." Ya juya. "Mufaddal, yaushe ka ga shukar nan?"

"Ɗazu da rana."

"Da idonka?"

"Da idona."

"Ka sha shayi a gidan?"

Mufaddal ya ajiye kofinsa.

"A wurinmu, ko gonar maƙiyinka ka ratsa ka ga namiji, tuge shi kake ka jefar a hanya, ba sai ka nemi izini ba. Yarana ma sun san haka." Tsohon ya gyara hularsa. "Shi bai sani ba. Kai ka sani. A ɗaga hannu."

Takwas suka ɗaga wa Ridwan. Himidu ya ɗaga wa Mufaddal, amma idonsa na kan tebur.

A tashar motocin da ke zuwa garinsu, Bab Barrad, Mufaddal yana tsaye yana jiran mota ta cika sai ya ga inuwa a gefensa. Ridwan ne, da ɗan littafi da biro.

"Zan tuge shi in na koma," ya ce.

"Kashe fankar tukuna. Ka rufa masa leda."

"To." Ridwan ya juya biron a hannunsa. "Yaya, ni dokoki na sani. Ban san yadda ake kwana a daji ba, ban san cikin kurkuku ba. In sun tambaye ni, ba ni da abin faɗa."

Direba yana ta kiran saura mutum ɗaya. Mufaddal ya dubi kujerar da ta rage, ya dubi takalman ƙaninsa masu sheƙi. Wata mata da kwandon cuku ta ture shi ta shige, motar ta tashi.

"Buɗe littafin," ya ce. "Daren farko a kurkuku ba sa ba da bargo. Rubuta."

Ridwan ya rubuta.

"In ka zo wurin nan, kar ka ce 'manomanmu'."

"Me zan ce?"

"Ka ce yayana. Ka faɗi sunana, da ƙarfi, yadda na baya za su ji."