Daƙuwa a Goshin Themelina

Shekara talatin da ɗaya Kyaftin Mikes ya yi yana dakon siminti da fulawa tsakanin tsibirin Kalimnos da tsibiran maƙwabta, a jirgin ƙarfen da ya sa wa sunan matarsa, Themelina. Matar ta rasu, jirgin ya tsufa, sai ɗansa Sakellaris ya zo masa da daɗin baki: a nutsar da jirgin kusa da gaɓa, baƙi 'yan yawon buɗe ido su riƙa sauka ƙasan ruwa kallo. Tsohon ya sa hannu a takarda. Tun ranar abinci bai ƙara yi masa daɗi a gidan ɗan nan ba.

Sai bana, bayan shekara uku, ya ce shi ma zai sauka. Abu ɗaya yake so, ya ga sunan nan a goshin jirgin, ya shafa shi da hannunsa.

Da hantsi suka fita a kwalekwalen Sakellaris, tare da Jamusawa shida da rana ta gasa suka yi jajir. Sakellaris ya tara su yana koya musu alamun hannu, tunda ƙasan ruwa ba a magana.

"Baba, matso ka gani."

"Ni za ka koya wa teku? Ina nutso ina ciro soson teku tun ba a san za a haife ka ba."

"Ba teku ba, Baba, alamu ne kawai."

"Koya wa baƙinka, malam mai makaranta."

Ya koma baya ya kunna taba. Taurin kan mutumin nan, sai dai a yi shiru.

Aka goya masa tukunyar iska, ya ciji bututu, suka sauka. Mita goma sha biyu ce kacal, ruwan ɗumi, garau. Ga jirgin nan kwance a gefe guda kan yashi, ƙananan kifaye na shiga suna fita ta tagar da ya saba leƙowa ya zagi masu ɗaurin igiya. Wani Bajamushe har ya riƙe sitiyarin yana murmushi a ɗauke shi hoto. Zuciyar Mikes ta yi baƙi ƙirin. Ya wuce su, ya nufi goshi.

Gansakuka ta cinye sunan, harufa uku kawai suka rage. Ya miƙa hannu zai share.

Sai ga Sakellaris ya faɗo gabansa, ya buɗe tafin hannu, yatsu biyar a ware, dab da gilashin fuskar uban.

Daƙuwa! A tsibirin nan an fasa wa mutum kai a kan abin da bai kai wannan ba. Ɗan cikinsa, a gaban baƙi, a kan sunan uwarsa! Mikes bai tsaya tunani ba. Ya ware hannu biyu, ya ɗora ɗaya bayan ɗaya yadda ake yi in abin ya kai maƙura, ya danna wa ɗan. Sannan ya juya ya yi sama.

Yana zaune a kwalekwale yana haki Sakellaris ya fito da baƙinsa. Sai da ya taimaki kowa ya hau, ya karɓi tukwanensu, tukuna ya zo ya tsuguna gaban uban.

"Akwai kifin nan mai ƙayar dafi a ƙarƙashin harufan, Baba. Saura taƙi ɗaya ka dafa shi. Da yanzu muna hanyar asibiti."

"Shi ne ka yi min daƙuwa?"

"A ruwa ba daƙuwa ba ce. 'Tsaya' ake nufi. Ita na fara nuna musu ɗazu, kana shan taba."

Wata Bajamushiya ta matso tana dariya, ta nuna musu hoton da ta ɗauka: uba da ɗa, hannuwa a ware, wai gaisuwar 'yan tsibiri ce ta burge ta. Babu wanda ya kula ta.

Idon Sakellaris ya kaɗa ya yi ja, ba kuma gishirin teku ba ne.

"Tawa 'tsaya' ce, Baba," ya ce a hankali. "Taka fa?"

Mikes ya buɗe baki zai ce fushi ne, kuskure ne. Ƙaryar ta ƙi fitowa. Shekara uku ke nan hannuwan nan biyu suna jiran ranar da za su buɗe a fuskar yaron, kuma yaron ya gane.

Sakellaris ya jira kaɗan. Sannan ya miƙe ya je ya tada inji.