Kujerar Auta

Da aka sallamo Auta daga asibitin masu taɓin hankali, yayansa mai aski ya saka masa kujera ta biyu a shago, har da sabon inji. Likita ya ja musu kunne a kan abu biyu: Auta ya riƙa shan ƙwayoyinsa, kuma kada ya ƙara kusantar wiwi, don ita ke tayar masa da ciwon. Mai aski ya yi ta gyaɗa kai kamar gaske, alhali ƙullin tasa wiwin na cikin safarsa.

Hannun Auta bai manta aiki ba. In yana gyara gemu har gyangyaɗi mutum yake yi. Sai dai maganin ya sa shi ƙiba da yawan hamma, shagon aski kuwa ba ya rasa likitoci. Babbansu wani direba ne da ake kira Farfesa, wanda ya yi duk karatunsa a bidiyoyin waya.

"Dubi yaro ya zama buhu," in ji Farfesa, kumfa fal a fuska. "Ƙwayoyin nan ne ke kashe shi. Wiwi fa ganye ce. A ƙasashen da suka ci gaba likita ne ma ke rubuta ta."

"Ni da na tsufa ina sha," in ji telan maƙwabta, "ka taɓa ganina ina tsince-tsince a bola?" Wannan telan ne ya taɓa ɗinka riga ya manta bai fitar da wuya ba, amma ba wanda ya tuna masa.

Maganar ta yi wa mai aski daɗi, don shi ma ta wanke shi. Ba shi ya miƙa wa Auta wiwi ba, wannan kam ko a gaban alƙali zai rantse. Ya dai daina ɓoye ƙullin, ya daina jan ƙofar baya in ya fita busawa. Da ya ga ƙullin na raguwa, sai ya ɗora wa ɓeraye.

Da farko Auta ya sake, yana raha da kowa, Farfesa na karɓar yabo kamar shi ya haife shi. Daga nan barci ya ƙaurace masa. Ya fara rufe madubinsa da tawul, wai mutanen da ke ciki suna gulmarsa. Wata rana aka gan shi tsaye da reza a hannu, yana ba madubin amsa cikin ladabi.

Tun daga ranar kowa ya koma layin mai aski, kujerar Auta sai ƙura.

"Farfesa, ga kujera can ba kowa," in ji mai aski.

"A'a, zan jira. Ni ba ni da matsala da yaron, amma wuyana ɗaya ne." Ya rage murya. "Ku mayar da shi asibiti mana, me kuke jira? Irin wannan ciwon ba a wasa da shi. Ni tun farko na ga alama."

Tela ya ce shi ma ya gani.

Ran mai aski ya ɓaci ƙwarai. Ya san in kujerar nan ta mutu, Auta ya koma yaron da ake kulle wa ɗaki. Sai ya ajiye injinsa, ya je ya zauna a kai da kansa.

"Auta, gyara min gemu su gani."

Kowa a shago ya zuba ido. Auta ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa a hankali. Ya ɗora reza a ƙarƙashin haɓar yayansa, sannan ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Yaya, kada ka motsa, suna kallonmu," ya raɗa masa. "Wai kai ka buɗe musu ƙofa suka dawo. Na ce musu ƙarya suke yi. Yayana ba zai yi min haka ba."