Kifin Alhaji Sammani

Alhaji Sammani na Fagge ba abin da yake so a duniya kamar ya ga sunansa a rubuce. Ya sa shi a shagonsa na atamfa, ya sa a rijiyar da ya haƙa wa unguwa, har butocin masallaci bai ƙyale ba. Da 'yarsa Surayya, mai binciken halittun teku a ƙasar waje, ta bugo waya ta ce ta gano sabon kifi a duwatsun murjani, kuma ta raɗa masa sunan mahaifinta, bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ya kashe waya ya hau shirin walima.

Ya tafi Sabon Gari wajen Chukwuma mai zanen allon shaguna. Chukwuma ya tambayi kamannin kifin.

"Kifin da ya ci sunana? Kai ma ka san ba ƙarami ba ne."

Aka zano wani ƙato kamar giwan ruwa, aka kafa a ƙofar gida.

Ranar walima Surayya ta iso. Da aka ci aka ƙoshi, Alhaji ya matsa sai ta bayyana wa abokansa 'yan kasuwa kifin da bakinta. Ita kuwa baiwar Allah, karatu ya hana ta iya kwaskwarima.

"Tsawonsa bai kai farce ba," in ji ta. "Kusan rabin kansa baki ne. Ba ya haƙa rami, jira yake wani ya haƙa ya shige. Ko inuwa ya gani, ɓuya yake. Idan kuma mata suka yi ƙaranci, namijin yakan rikiɗe ya koma mace."

Wani daga baya ya ce, "Allahu Akbar! Suna ya dace."

Wuri ya kece da dariya. Ni kaina, da nake cikin abokan nasa, sai da na ƙware da zoɓo, kuma wallahi ban tausaya masa ba.

Alhaji ya ja ta cikin zaure, yana gumi.

"A cire sunana yau ɗin nan."

"Baba, an riga an buga. Ƙa'idar masana ce, ba a canzawa. Ko bayan ranmu haka za a riƙa kiransa."

Ya sassauta murya, ya zura hannu a aljihu. "To wa ake gani? Kowace ƙa'ida akwai wanda ake gani."

"Babu kowa, Baba."

Ya daɗe a tsaye da hannu a aljihu, yana jira ta tuno wani.