Ranar da Tantabarun Saje Suka Dawo

Saura ƙiris Muhsina ta fasa rubuta wannan labari. Maganar cikin gidan miji ce, ita kuwa ko a gidan biki bayan ƙyaure take zama. Tsohon da abin ya shafa ne ya ce ta rubuta, wai ko akwai wani gida irin nasu.

Tsohon shi ne Saje Kalilu, mahaifin mijinta Imrana. Ya yi aikin soja har ƙarfinsa ya ƙare, ya dawo Jibiya da ɗingishi da yawan shiru. Matarsa ta rasu. Imrana direban babbar mota ne mai kai hatsi Maraɗi, yakan yi kwanaki bai dawo ba. Don haka galibi su biyu ne a gidan, kuma tsakaninsu ba ya wuce gaisuwa. Ta durƙusa daga nesa, ta ajiye kwano, ta juya. Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba.

Amma mai kawo kwano ita ke ɗauke kwano. Ta ga tuwo yana dawowa ba a taɓa ba. Ta ga in taya ta fashe a hanyar boda, sai jikinsa ya hau rawa, ya shige ɗaki har yamma. Majalisa ma ya daina zuwa. Abin da ya rage masa kawai tantabarunsa, da ke kwana cikin tsofaffin tukwane a jikin katanga. Shi ke watsa musu gero, da su yake hira.

Wata safiya ya kama su duka ya zuba a kwando, ya ba wani mutumin Magama kyauta. Sannan ya sa farar riga ya bi unguwa gida gida yana neman gafara, kamar yadda mai doguwar tafiya ke yi. Kafin azahar maƙwabciyarsu Rabi ta shigo da guɗa.

"Muhsina, ashe Saje ya samu kujerar Umra kuka ɓoye mana?"

Muhsina ta yi murmushin dole. Ita ke share ɗakinsa, ba ta ga jaka ba, ba ta ga sabon ɗinki ba. Da ya dawo kuma sai ya kira ta, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗiyata, ki yafe mini. Na zame muku kaya. Kun kusa hutawa."

Nan take ta ɗauko waya. Ta kira Imrana, wayar ba ta shiga ba, yana can tsallaken iyaka.

Bayan la'asar ta ji fuka-fukai. Tantabarun ne, sun baro Magama sun sauka kan tukwanensu. Tsohon ya fito yana kora su da hula.

"Ku koma! Nan babu mai ba ku abinci kuma!"

Wannan "kuma" ita ta tayar da Muhsina. Ta ratsa tsakar gida, ta zauna a bakin tabarmarsa, inda ba ta taɓa zama ba.

"Baba, tunanin kashe kanka kake yi?"

Ya dube ta kamar ta mare shi. "Wa ya koya miki wannan rashin kunya?"

"Ba kowa. Ka amsa mini, sannan ka kore ni."

Ya murza hular. Can ya ce, "E." Daga nan maganar ta ɓalle: yaran sojojin da ya jagoranta suka shiga daji bai dawo da su ba, fuskokinsu da ke hana shi barci. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ta saurara har ya gama.

"Ba zan tashi daga nan ba, Baba. Wa zan kira maka?"

"Babu."

"To Baba Bawa zan kira."

Bawa tsohon kofur ne, tare suka yi yaƙi, yanzu faci yake yi a bakin tasha. Bai jima ba ya faɗo gidan da baƙin mai a hannu.

"Kai Saje! Ka roƙi gafarar gari duka ka tsallake ni? Ni da na goya ka a daji, ga nauyi kamar buhun masara?"

"Na san ba ka yafiya ne, Kofur."

"Ba na yi kuwa. Sai ka tsufa tukuf kana roƙona."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ta koma kuka. Bawa ya zauna ya dafa shi, muryarsa ta sauka.

"Ni ma na taɓa zagaya gari da farar riga. Ciwo ne, Saje, kamar na ƙafarka, kuma ana maganinsa. Akwai likitan da nake gani a Katsina. Gobe tare za mu."

Bawa ya shiga ɗakin tsohon ya tattaro duk abin da bai kamata ya kwana kusa da Saje ba, ya ƙulle a buhu. Sannan ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ya ce yau nan zai kwana.

"Ke kuma 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka. Mu da baki ba mu tambaya ba."

Muhsina ta ja mayafi ta rufe fuska. Ita dai godiya take yi wa Allah, da Baba Bawa, da tsuntsayen da suka ƙi zaman Magama.

Da gari ya waye tantabarun suka cika tsakar gida suna kuka. Ta ɗebo gero a ƙwarya, har ta ɗaga hannu za ta watsa, sai ta fasa. Ta kai ƙwaryar gaban tsohon, wanda ke zaune da takalmi yana jiran Bawa ya samo mota.

"Baba, ba su san hannuna ba. Ka ba su kafin ku tafi, na yamma kuma sai ka dawo."

Ta tsaya nan, ba ta juya ba, har ya miƙa hannu ya ɗauka.