Firjin Hajiya Ummu

Shekarar da kuɗin mai suka sa kowa sayen kayan wuta, Alhaji Ɗangiwa na Kebbe ya dawo daga aikin Hajji da amfilifaya da sifika biyu manya, ya kuma sayi janareta a Sakkwato. Maigidana aka kira ya haɗa masa su a zaure. Duk Tambuwal Dogo mai rediyo ake ce masa, ni dai Malam nake ce masa. Bai yi boko ba, amma wallahi rediyon da ya gagare shi sai dai a jefar.

Kwana fuɗu da haɗawa sai ga saƙo: kaya sun lalace. Alhaji na da kaset ɗaya tak mai muryar mahaifinsa marigayi yana tafsiri. Da la'asar ake tada janareta, dattawa su taru a zaure su saurara. Ana tsakiyar aya sai sifika ta yi tau! kamar an harba bindiga. A ɗan jima, tau! kuma.

Sau uku Malam yana hawa babur zuwa Kebbe a kan wannan muguwar hanya. Ya canza waya, ya buɗe amfilifaya, har ya ɗauko ta ya kawo shagonsa. A shago lafiya lau take karatu, in ya mayar sai tau! Alhaji ya fusata, ya ce ranar Juma'a zai kira injiniya daga Sakkwato, kuma zai faɗa wa kowa Dogo ne ya ɓata masa kaya. Kai! Sunan da mutum ya yi shekara goma sha biyar yana ginawa, a rushe shi kan wani tau? Malam ya daina cin tuwon kirki. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ranar Alhamis, yana shirin komawa Kebbe, na ce, "Malam, ni ma zuwa nika yi."

Ya ce, "Husaina, mi za ki yi can?"

Na ce, "Gaida Hajiya. Ko shi ma sai injiniya?"

Ya yi ɗan murmushi, na yafa mayafi muka kama hanya.

Da muka isa, shi ya tsaya a zaure, don namijin da ba ɗan gida ba iyakarsa ke nan. Ni kuwa na wuce ciki wurin Hajiya Ummu, matar Alhaji. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce bari ta ba ni ruwan sanyi in ji abin duniya. Nan na gan shi a lungun ɗaki, fari fes, an lulluɓe shi da zane: firji. Ashe bayan an gama haɗa kayan zaure Alhaji ya sayo mata shi, wani ɗan'uwanta ya jawo masa wuta daga wayar zauren. Ba wanda ya ga dalilin faɗa wa mai gyaran rediyo kayan ɗakin mata.

Ina shan ruwa, muryar marigayi na shigowa daga zaure. Sai firjin ya girgiza, ya kama gurnani. A daidai lokacin, tau! Na ajiye kofi. Na tuna in Malam ya kawo aiki gida, yakan ce in yi nesa da makunni, don ko kunna fitila yana sa rediyo tas. Na zuba wa firjin ido. Da ya yi shiru, tau! Sau biyu kuma na jira, don ba na son in kunyata kaina.

Na ce, "Hajiya, don Allah ki bari in cire wanga abu ga wuta."

Ta ce, "Ruwana fa?"

Na ce, "Ba ya mutuwa, Hajiya."

Na cire. Kaset ya karanta gefe guda cur, ko tari sifika ba ta yi ba. Na mayar, tau! Har salatin dattawa muka jiyo.

Goggo, tsohuwar gidan, muka aika ta kira Alhaji. Ya shigo ya gwada da hannunsa sau biyu, ya riƙe haɓa. Ya sa mata suka koma ɗaki guda, ya shigo da Malam da kansa. Malam ya ja wa firjin wayarsa daban daga janareta, ya ɗaura masa wani ɗan kondansa mai shanye fizgar wuta, aka kunna komai tare. Marigayi ya kai ƙarshen sura ba abin da ya katse shi.

Ina laɓe bayan ƙofar zaure lokacin da Alhaji ya ce wa dattawa, "Na zalunci Dogo da bakina. Ba ni buƙatar injiniya, ga shi nan."

Na ɗauka Malam zai yi godiya ya yi shiru, kamar kowane namiji. Sai na ji ya ce, "Alhaji, ni waya ɗai nij ja. Mai ɗakina ta gano shi."

Sai wani tsoho ya ce, "Allah shi yi mata albarka." Ni kuwa a bayan ƙofa, sai mayafi na ja na share ido.